Iska a Cikin Birki

Shekara huɗu motar ta yi a kan bulo a tsakar gida, har kaji suka ɗauke ta gidan gado. Malam, mai koyar da kimiyya a sakandare, ya saye ta ne a hannun wani tsoho da ya rantse masa batir ne kawai matsalarta. Da aka bincika, batirin ne kaɗai mai lafiya a jikinta.

Matarsa nas ce. Duk layin Sista ake ce mata, har shi. Ranar Litinin ta ajiye masa kofin shayi, ta ajiye wa'adi a gefensa: zuwa Asabar motar ta fita da ƙafarta, ta kuma tsaya inda aka ce ta tsaya, in ba haka ba mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da sarƙa. Ta riga ta karɓi lambarsa.

"Haba Sista, ai aiki ya ƙare," in ji Malam. "Inji na tashi, giya na shiga. Birki kawai ya rage."

"Kawai," ta ce. "Mara lafiya ya warke, numfashi kawai ya rage."

Ko a jikinsa. Ya riga ya kwance kalifa biyu na gaba, ƙarafan nan da ke damƙe faifan taya, ya wanke su da fetur, ya canja robobinsu, ya shafa musu jan fenti, ya mayar. Saura cire iska, aikin da mutum ɗaya ba ya yi: wani na zaune yana taka birki, wani na kwance yana sassauta ɗan ƙaramin noti, mai ya fito da kumfa. Shekara huɗu Malam yana shelar cewa motarsa ba ta buƙatar hannun kowa. Ranar Laraba da yamma sai ga shi a ƙofar kicin yana gyaran murya.

Sista ta shiga mota, ko takalmin aiki ba ta cire ba.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe!"

"Na riƙe."

"Saki."

Haka suka yi Laraba, suka yi Alhamis. Gwangwani uku na man birki suka bi ta tiyo suka ƙare a kwalba.

"Yaya kike jin sa yanzu?"

"Kamar na taka katifa."

"Ba kya takawa da zuciya ɗaya ne."

"Baban yara, ƙafar nan awa takwas ta yi tana zagaya gadajen marasa lafiya. In ka fi ni ƙafa zo ka hau, ni in kwanta a inuwa."

Daga ƙarƙashin mota ya yi mata bayanin yadda iska ke matsuwa amma ruwa ba ya matsuwa, darasin da yake ba 'yan aji huɗu duk shekara. Ta saurara da irin haƙurin da take yi wa masu zazzaɓi in sun fara sambatu.

Ranar Juma'a, bayan taku na arba'in, ta fito ta durƙusa a gefensa ta leƙa bayan tayar.

"Wannan ɗan notin kake ta buɗewa?"

"Shi ne."

"To me ya kai shi ƙasa?"

"Haka kamfani ya yi shi."

"Ni dai in zan fitar da iska daga sirinji, allurar nake ɗagawa sama in ɗan ƙwanƙwasa. Ban taɓa ganin kumfa ta gangara ƙasa don ta faranta wa wani rai ba."

Malam ya dubi na hagu. Ya tashi, ya zagaya, ya dubi na dama. Duka biyun notin na kallon ƙasa. Ranar fenti ya shafe 'yan haruffan da ke nuna na hagu da na dama, don suna ɓata kyan jan. Ashe ya ɗaura kowane kalifa a gurbin ɗan'uwansa, suka kuma shiga daram, ba gardama. Iskar tana can sama a maƙale, kwana uku tana sauraron darasi.

"Dama ina zargin haka," ya ce.

"Na sani. Tun Laraba nake ganin zargin a fuskarka."

Da ta yi shiru, da gobe tsakar gida ta zama tata. Ita ma ta san haka, don ta ɗan tsaya tana duban filin da motar ta cinye, kamar mai auna igiyar shanya nawa zai ɗauka. Sannan ta ɗauko sifana ta miƙa masa.

"Yi sauri kafin in dawo hayyacina."

Awa ɗaya ya musanya su. A taku na uku kumfa ta fara fitowa a tiyo, ɗaya bayan ɗaya, kamar 'yan haya da aka ba takardar tashi. Birkin ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafarta.

Asabar da safe suka sauke motar daga kan bulo. Layin nasu gangare ne, a ƙarshensa akwai falwayar lantarki. Sista ta zauna a gefe, hannunta a kan birkin hannu.

"Kafin falwayar can za ka tsaya. Ba bayanta ba, ba cikinta ba."

Motar ta gangara tana ƙara gudu. Malam ya bari sai da ya ga yatsunta sun damƙe birkin hannun, sannan ya taka. Ta tsaya cak, har tabarau ɗinsa ya faɗa kan sitiyari. Tsakaninta da falwaya taku biyar ne.

Sista ta ɗauko waya.

"Mai ƙarafa? Kada ka zo. A'a, ba a sayar wa wani ba. Ta farfaɗo ne."

Ta kashe wayar, ta ja mariƙin ƙofa za ta fita. Mariƙin ya biyo hannunta. Ta ɗaga shi sama ta dubi mijinta.

"Ƙofa ba ta cikin yarjejeniya," in ji Malam. "Biyo ta ɓangarena, ki yi hankali da giya."