Darbejiyar Ramatu

Ramatu na cikin juya waina ta ga mutum biyu sun sauko daga motar ma'aikata da gatari, sun nufi darbejiyarta. Ko murfin tanda ba ta mayar ba ta sha gabansu.

"Lafiya?"

Lawan, jami'in da ke shirya bikin dashen itatuwa a filin Rafin Guza, ya gyara hula. "Inna, sare ta za a yi. Ta tsaya daidai inda za a tona ramin dashen babban baƙo, gaban rumfa, inda masu ɗaukar hoto ke tsayawa."

Bikin nan Ramatu ta san shi kamar yunwar cikinta. Kowace damina sai a kafa rumfa, a yi jawabi, a dasa, a tafa, a watse. Kafin sati awaki sun yi wa dashen aski. Ƙyallen da ake ratayewa ne kawai ke canzawa: da fari yaƙi da hamada, daga baya kare muhalli, bana kuwa an rubuta ci gaba mai ɗorewa. Ramukan dai su ne na bara.

Darbejiyar nan ɗaya ce ta tsira, ita ma don Ramatu ta kewaye ta da ƙaya, ta riƙa juye mata ruwan wankin shinkafa safe da yamma. Yanzu ta fi mutum tsawo, kuma inuwarta ce rumfar wainar Ramatu. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Me ƙyallen can yake cewa, ɗan nan?"

"Ci gaba mai ɗorewa. Wato a ci moriyar yau ba tare da an cuci na gobe ba."

"To ga wadda ta ɗore. Ita za ku fara sarewa?"

"Umarni ne daga sama, Inna."

Ramatu ta janyo kujerarta, ta jingina bayanta da gindin bishiyar, ta harɗe hannu. "Sai ku haɗa da ni."

Lallashi aka yi, barazana aka yi, waina ta ƙone ƙurmus, ba ta ko motsa ba. Suna cikin haka jiniya ta kunno kai. Babban baƙo ya fito cikin babbar riga, ya tarar da tsohuwa zaune inda ya kamata a ce rami ne. Lawan kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Baƙon ya ɗaga kai ya dubi ganyen. "Masha Allah. Inna, wa ya dasa wannan?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Damina uku ke nan. Har ka ce za ka dawo ka gan ta."

Baƙon ya yi gyaran murya, ya dafa bishiyar, masu hoto suka hau aiki. Lawan ya yi wa mai gatari ido, aka tura gatarin ƙarƙashin mota. Sabon dashen kuwa a gefe aka tona masa rami cikin gaggawa.

Da taro ya watse, Lawan ya zo wucewa yana sunne kai. Ramatu ta nuna masa sabon dashen, wanda tuni wata akuya ta fara zagayawa, sannan ta dangwarar da bokiti a gabansa.

"Rijiya tana bayan masallaci," in ji ta. "Wannan taka ce. Ni na yi nawa."