Taswirar Aji Biyar

Ni na zana ta, kuma ba wanda ya sa ni. Gara in faɗi wannan tun farko, domin daga baya mutane sun yi ta cewa ofishin ilimi ne ya ba da umarni. Abin da ofis ya aiko takarda ce mai layi huɗu: kowace firamare ta yi wani abu da zai nuna yadda yaranta suke zaune tare duk da bambancin yare. Malamar aji huɗu ta ce waƙa za ta koya wa nata. Na yi tsaki a raina. Shekara uku a jere tana cin yabo da waƙa, da muryar nan tata mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba. Na ce bana sai na ƙure ta.

Unguwarmu kowa baƙo ne. Aikin masaƙa ya tara iyaye daga ko'ina, masaƙar ta mutu, mutane suka zauna. A ajina kaɗai yare biyar ake ji lokacin tara, kuma yaran nan sun iya zagi da duka biyar ɗin, ba sa haɗa ɗaya da ɗaya. Sai na raba su biyu-biyu, na ce su bi gida-gida su tambayo wane yare ake yi a ciki idan an rufe ƙofa. Kowane yare muka ba shi launinsa. Mako uku muna fama a bangon barandar aji biyar, ni da fensir da rula, su da buroshi, har unguwar ta fito ɗungurungum: gida ɗari da tamanin da huɗu, kowanne a mazauninsa. Ja ya fi yawa, sai kore, sai rawaya, sai ruwan ƙasa. Shuɗi gida goma sha ɗaya ne kacal, a warwatse.

Ɗaya daga cikin masu shuɗin yana manne da gidana. Na Maman 'Yan Biyu ne, tela ce, kuma 'yan biyun nata, Babba da Ƙarama, suna ajina. Ranar da naƙudar ɗana ta tashi, maigidana yana kan hanya da motar kaya, ita ta tallabe ni zuwa asibiti, ta yi kwana biyu a kan benci tana faɗa da nas-nas a madadina. Tun daga ranar nake ce mata Yaya.

Hedimastanmu, a bayan idonsa muna kiransa A Rubuce, don ko izinin zagayawa ka nema sai ya ce ka kawo a rubuce. Ya tsaya gaban bangon, hannu a baya, ya daɗe yana gyaɗa kai, ya ce bai taɓa ganin aiki irin wannan ba. Iyaye suka riƙa shigowa suna neman gidajensu da yatsa suna dariya. Kaina ya kumbura. Malamar aji huɗu ta wuce ta gaban taswirar sau biyu ba ta juyo ba, abin ya yi mini daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Bayan kwana goma aka yi rigima a tashar mota kan layin ɗaukar fasinja. Aka bugi wani saurayi da ƙarfe a ka, ya kwana biyu a asibiti ya cika. Wanda ya buge shi ya gudu. Ba wanda ya san sunansa, amma kowa ya san yarensa, ko dai haka aka ce: yaren su Maman 'Yan Biyu. Ba a yi komai ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Mai rake ya daina tsayawa a ƙofar makaranta. Samari suna zama a kan gadar kwalbati, idan ka zo wucewa sai hirar ta tsaya. A rajistata yara huɗu masu shuɗi suka daina zuwa, saura 'yan biyu, domin uwarsu ta ce ba ta kashe kowa ba, ba kuma za ta ɓoye 'ya'yanta kamar kayan sata ba.

Ranar Talata, ana cikin tara, Baba Maigadi ya yafuto ni. Tsoho ne da ba ya son magana, shekara ashirin yana buɗe ƙofar nan yana rufewa.

"Malama, wasu samari biyu sun zo ɗazu."

"Iyayen wa?"

"Ba iyayen kowa ba ne. Cewa suka yi sun ji ana yabon zanen da ke bangon ajinki, suna so su ɗauki hotonsa."

"To, ai kowa na zuwa gani, Baba."

Ya dube ni kamar yadda nake duban yaron da ya kasa haɗa biyu da biyu. "Wanda ya zo gani yana tambayar ina gidansa. Waɗannan tambaya suka yi ko gaskiya ne kowane gida da launin yarensa. Na ce ban sani ba, ni ido ya mutu. Na ce ba a shiga sai da takardar hedimasta. Sun ce za su dawo gobe."

Na juya na hango barandar daga nesa, yara suna ta guje-guje a gabanta, sai na ga abin da na yi. Mako uku ina kallon bangon nan ina ganin gwanintata. Yanzu ɗigon shuɗi goma sha ɗaya kawai nake gani, kowanne a daidai ƙofar da yake.

Na faɗa ofishin hedimasta ba sallama.

"Yallaɓai, dole a goge taswirar nan yau."

"A goge? Ranar Litinin masu duba makarantu za su zo dominta."

Na gaya masa abin da Baba ya ce. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Na ga ya gane. Amma mutum ba ya canzawa a rana ɗaya.

"Bango na gwamnati ne, Malama. An riga an sanar da ofis. Ki kawo buƙatarki a rubuce, in tura, in ji abin da za su ce."

"Su waɗannan samarin a rubuce za su zo?"

"Ki iya bakinki."

"Ba ni makullin sito, Yallaɓai. In an tambaya, ka ce sacewa na yi."

Bai ba ni ba. Amma ya tashi ya ce zai leƙa aji ɗaya, ya bar makullin a kan tebur, a gefen da nake. Har yau ban yanke hukunci a kansa ba.

Da aka tashi yara, ni da Baba muka jawo bokitin farin fentin da ya rage daga gyaran ofis. Rana tana dukan barandar. Muka shafa hannu na farko, na ja baya ina haki, na ce shi ke nan. Kafin in wanke buroshi sai ga launukan suna tasowa ta ƙarƙashin farin. Rawaya ta ɓace, kore ya dusashe, amma shuɗin ya fito raɗau, domin fenti mai mai ne, ragowar wanda aka shafa wa ƙofar makaranta. Muka ƙara hannu na biyu, ya sake fitowa. Na ji kamar in kurma ihu. Baba ya tafi ɗakinsa ya dawo da tsohuwar adda da guntun bulo. Muka kankare gidajen ɗaya bayan ɗaya har siminti ya bayyana. Sai Baba ya nuna mini cewa ramukan da muka yi su ma goma sha ɗaya ne, kowanne a wurinsa. Dole muka bi bangon gaba ɗaya muna kankara, tun azahar har rana ta yi sanyi, tafin hannuna duk ya yi kanta ya fashe.

Ina wanke hannu a famfo na tuna da littattafai. Makon da muka gama bangon na ba su aikin gida, kowa ya kwafi taswirar a tsakiyar littafinsa, da launi, har maki na ba su. Yara arba'in da shida. Na zauna a bakin famfon, ruwa yana zuba a ƙafata, na kasa rufewa.

Washegari tun kafin a buga ƙararrawa ina bakin aji. Na ce kowa ya ɗora littafin zanensa a kan teburina, wanda ya manta nasa ya koma gida da gudu ya ɗauko. Mutum shida suka koma. Na aika wa huɗun da ba sa zuwa, aka karɓo nasu. Na ƙirga sau uku: arba'in da shida cif. Na bi su ina yage shafin tsakiya, yara suna kallona baki buɗe, ga bango a waje kamar an yi masa ƙuna. Ƙarama ta fara kuka, don ita ta ci tara cikin goma, ba ta taɓa cin irin wannan ba. Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na kai takardun ramin shara na cinna musu ashana, na tsaya har suka zama toka, na tattake. A lokacin ne na ji numfashina ya dawo. Samarin ma ba su zo ba. Baba ya ɗago mini hannu daga ƙofa, na ɗaga masa.

Da na koma aji sai Monitar ajin ta biyo ni har tebur. Yarinya ce mai kaifin kai, ita ke zuwa ta ɗaya tun aji biyu, kuma tana sona fiye da yadda na cancanta. Gidansu ja ne, bakin gadar kwalbati.

"Malama, kar ki ji haushi don an ɓata miki zanenki."

"Ba komai. Je ki zauna."

"Ni zan sake zana miki. Na iya da ka, ba sai na duba ba."

"Na ce je ki zauna."

"Wallahi na iya, Malama. Jiya da yamma Yayana ya ce ƙarya nake, ba zan iya ba. Ya ba ni kwali da fensir mai kala. Ban yi kuskure ko ɗaya ba, har abokansa suka tafa mini." Ta yi murmushi har kunne. "Ya ce in gaishe ki. Ya ce kin iya koyarwa."

Ban san abin da fuskata ta yi ba, amma murmushin yarinyar ya gushe.

"Ina kwalin?"

"Sun tafi da shi. Na yi laifi ne, Malama?"

Me zan ce mata? Ni na tsaya a kanta mako uku ina cewa ta gyara, gidan nan ba a nan yake ba, ƙirga daga kwana. Na dafa kanta na ce ba ta yi laifi ba, ta yi abin da aka koya mata.

Ban jira ƙararrawar tashi ba. Na kama hannun Babba da Ƙarama, ɗaya dama ɗaya hagu, na wuce ta gaban ofishin hedimasta ba tare da na nemi izini ba. Titi shiru da tsakar rana. Mai shagon kwana yana shigar da buhunansa ciki, ya gan mu ya kau da kai. A kan gadar kwalbati ba kowa, sai ɓawon rake da benci biyu. Da na ga samarin a zaune da hankalina ya fi kwanciya.

Na tarar da Maman 'Yan Biyu a kan keken ɗinki, allura a baki, tana haɗa hannun rigar da na kai mata makon jiya.

"A'a, ƙanwata, yau kuma an kore ku ne? Ko 'ya'yan naki sun yi halin nasu?"

Na ce wa yaran su shiga ɗaki. Na zauna a kan buhun ƙyallaye na gaya mata komai, tun daga samarin bakin ƙofa har kwalin Monita. Ban rage wa kaina komai ba. Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta cire allurar daga bakinta ta soke a jikin zaninta.

"Gidan nan yana ciki?"

"Yana ciki, Yaya."

"Wa ya shafa masa launin?"

"Ƙarama ta fara, ta fita layi. Ni na ƙarasa."

Ta daɗe tana kallon ƙofar gidanta. Ina jira ta zage ni, ina ma so ta zage ni, da na samu sauƙi. Sai ta ɗaga ƙafar keken, ta zare rigata, hannu ɗaya a haɗe ɗaya yana reto, ta ninke ta da kyau ta ɗora mini a cinya.

"Ki kai wa wani ya ƙarasa miki, Malama."

Shekara tara muna katanga ɗaya, ba ta taɓa kirana Malama ba.

"Yaya, ku dawo gidana. Ba wanda zai taɓa ku a ɗakina."

"Gidanki katanga ɗaya ne da nawa. In ba su same mu a nan ba, ina kike tsammani za su fara leƙawa? Kina da yaro." Ta miƙe, ta ƙwala wa 'yan biyu kira da yarensu, na ji sun fara jan akwati a ciki. Ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta dawo ta tsaya a gabana, muryarta a kwance kamar tana tambayar awon wuya.

"Ke kika san unguwar nan fiye da kowa yanzu. Titi ba zai biyu ba. Gaya mini, wace hanya ce ba ki zana ba?"

Na rufe ido na bi bangon daga sama har ƙasa. Lungun bayan injin niƙa, yaran sun nuna mini, na sa. Tsagar katangar masaƙa da suke bi in sun makara, na sa, har na yaba wa wanda ya tuna da ita. Hanyar cikin kwata, gefen famfon da ya lalace, ƙofar bayan gidan mai gyaran rediyo. Na nema, Allah ya sani na nema.

"Babu, Yaya," na ce. "Duka na zana."