Tsaga Bakwai a Wuyan Jita

Duk mai neman jitar bas a Adjamé, in ya yi tambaya sau biyu za a nuna masa shagon Mijinyawa a bayan 220 Logements. Kwantena na isowa da tsofaffin jitoci zai rungume su ɗaya bayan ɗaya, ya jona da lasifika, ya daki tsirkiya mai kauri har kwalaben maƙwabcinsa su hau rawa, sannan ya yanke hukunci a gaban wayarsa: wannan muryarta ta zauna, waccan itacen girki ce. Har Yamai ana kallon bidiyonsa. Cutarsa ɗaya, ba ya iya ganin tabo a jikin jita ya ƙyale.

Zancen da ba ya so a taɓo masa shi ne na Tasi'u. Tare suka tashi a Treichville, tare suka yi kiɗa a gidajen biki, Tasi'u ne ma ya koya masa ɗora yatsa. Da kasuwa ta buɗe wa Mijinyawa, sai ya zame daga ƙungiyar ana saura mako guda su tafi wasa Bouaké, ko sallama babu. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Unguwar Plateau ce da gada ɗaya tsakaninsu, amma kunya ta hana shi hayewa, kuma abin yana cin sa.

Wata Laraba da hantsi sai ga Huda, 'yar Tasi'u, da tsohon akwatin jita ɗaure da igiya.

"Tonton, Papa ya ce basse ɗinsa tana yin bruit, wata ƙara haka, in an sa mata wayar lasifika. Ya ce kai kaɗai zai ba."

Murna ta kama Mijinyawa. "Yaya jikin baban naki? Na ji an ce suga na damunsa."

"Da sauƙi, Tonton."

To, wa ya taɓa amsawa da babu sauƙi? Amma abin da yake son ji ke nan, bai ƙara tambaya ba.

Gyaran kansa ɗigon dalma ne, minti goma ya gama. Sai dai Mijinyawa ya ga hanyar ba da haƙuri ba tare da ya buɗe baki ba. Jitar irin mai sumul ɗin wuya ce, marar ƙarafa, wadda sai makaɗi ya san mazaunin kowane sauti da kansa. Da ya juya ta, ya ga tsaga bakwai a bayan wuyan, kamar da wuƙa aka yi. Ya ja tsaki, ya tsine wa duk wanda ya yi wannan ɓarna. Kwana huɗu ya rufe shago da wuri yana gurza da samfefa, ya shafa mai, ya sa sababbin tsirkiyu. Ranar Lahadi bayan la'asar ya rungume ta a cikin tasin woro-woro zuwa Belleville, unguwar su Tasi'u, yana jin kansa kamar ango.

Ya tarar da Tasi'u zaune a tsakar gida. Ya yi sallama. Tasi'u ya washe baki, ya miƙo hannu, amma gefen da babu kowa ya miƙa.

Sai a lokacin Mijinyawa ya gane ba ya gani. "Tasi'u, tun yaushe?"

"Shekara uku, mutumina. Zauna mana. Ina amaryar tawa?"

Mijinyawa ya ɗora masa jitar a cinya, Huda ta jona masa waya. Ƙarar nan ta ɓace, Tasi'u ya yi dariya ya ce hannun Miji yana nan. Sai ya ɗora hannun hagu a wuyan jitar. Babban yatsansa ya yi sama, ya dawo ƙasa, ya sake hawa a hankali. Ya taɓa tsirkiya, sautin ya kauce. Ya sake, ya kuma kaucewa.

Huda ta leƙa bayan wuyan, ta dafe ƙirji. "Tonton, ina les marques, tsagogin nan? Wata takwas Papa ya yi yana yanka su, tun yana ɗan gani. Da su yake gane hanya."

"Zan sake yanka su," in ji Mijinyawa. "Wallahi yau ɗin nan, da ma'auni."

"Ba wurin sauti na yanka ba, Miji, wurin zaman yatsana ne. Ma'auninka bai san shi ba, ni kuma idon da na auna da shi ya tafi. Bar shi kawai."

Babu faɗa a muryarsa, da ma ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Mijinyawa ya zauna da nadama fal cikinsa. Tasi'u ya shafa jitar tun daga kai har gindi, ya sunsuna sabon man.

"Ta yi kyau, ko?"

"Ta yi kyau," Mijinyawa ya faɗa da ƙyar.

"Madalla. Huda, cire wayar, ki rataye ta a falo inda baƙi za su gani. Ki kawo wa Tontonki ruwa, ya sha hanya."