Harba-ka-ruga

Shinkafar Hodi ta fitar da kai, ta fara ɗaukar nono, kuma duk wanda ya taɓa noma a fadamar Gulma ya san baƙin da ke zuwa a irin wannan lokaci. Tsuntsayen jan-baki ba sa zuwa ɗai-ɗai. Sukan taso daga bakin gulbi kamar hayaƙi, su sauka a gona, kafin mutum ya farga sun tsotse ta sun bar masa ƙaiƙayi a tsaye. Ihu da kaɗa galan kan yi aiki na ɗan lokaci, daga nan tsuntsayen su gane ƙarar galan ba ta kisa. Abu ɗaya suke shakka, tsohuwar bindigar toka da Hodi ya gada wajen mahaifinsa. Irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki ce, mutanen karkara suna ce mata harba-ka-ruga, don in ka harbi dabba ka kuskure, kafin ka sake ɗuri ta iso gare ka.

To, bindigar ba ta gida. Ƙanensa Abdussamadu ya are ta tun da salla, wai zai dawo da ita nan da nan.

Abdussamadu kuwa holoƙo ne hadarin kaka. A Gwadangaji yake zaune, cikin Birnin Kebbi. Ya ja keke mai ƙafa uku ya bari, ya sayar da cajar waya ya bari, yanzu wai shi ɗan sintiri ne. Babu wanda ya ɗauke shi aikin. Shi ya sayi yadin kaki, shi ya ba kansa muƙami, tela ya ɗinka masa taurari a kafaɗa iya yadda wurin ya ɗauka. Mutumin da talo-talon maƙwabta ya taɓa hana shi fita gida, shi ne ke yawo da bindiga a rataye daga wajen mai shayi zuwa wajen mai tsire, yana tsayawa a ɗauke shi hoto. Ko yadda ake ɗura ta bai sani ba.

Da kiran waya ya ƙi yin amfani, Hodi ya naɗe tsohon buhu, ya hau babur ɗinsa ya nufi Birnin Kebbi. Ya same shi a ƙofar gida zaune a benci, bindigar a kan cinya, wasu marasa aikin yi suna ce masa Kwamanda.

Bayan gaisuwa Hodi ya shimfiɗa buhun. "Kawo ta in naɗe. Jan-baki sun hwara shigowa."

"Buhu?" Abdussamadu ya dubi mutanensa, suka yi dariya. "Haba Yaya Hodi, makami na za a sa cikin buhu kamar ƙanzo? Ai ni za ni rakka ka, in rataye ta har gida."

"Akwai shinge bakin Argungu. Ka san yadda ƙasa take yanzu."

"'Yan sanda? Abokan aikina na. Dut hanyag ga babu wanda bai san ni ba."

Hodi ya san ƙarya ce, ya kuma san abin da ƙanen nasa ke so shi ne mutanen Gulma su gan shi cikin kaki. Amma bindigar tana hannun wawa, rana tana yi, kuma bai zo birni don ya yi kokawa da ɗan'uwansa a gaban 'yan kallo ba. Ya haɗiye takaicinsa ya ce ya hau.

Tun daga unguwar Nasarawa, kafin su bar gari, Hodi ya fara da-na-sani. Abdussamadu ya zauna a baya ƙirji a buɗe, bakin bindiga yana kallon sama, yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Mata masu talla suna darewa, masu keke suna ba su hanya, shi kuma yana ɗauka girma ne. Hodi dai hanya yake kallo, zuciyarsa tana can fadama wajen matarsa Baiwa, wadda ya bari ita kaɗai da galan da sanda.

A bakin Argungu suka tarar da shingen, gangaye da katako mai ƙusoshi. Wani ɗan sanda yana can gefe yana duba wata babbar mota shaƙe da albasa. Wanda ya tare su yaro ne sabon kurtu, mutumin kudu, Hausarsa ta bariki. Kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. An turo shi ƙasar da kullum ake ba shi labarin mutum biyu a kan babur da bindiga, yau ga mutum biyu a kan babur da bindiga.

"Saya! Saya nan! Kai, menene wannan ka dauka?"

Amsa mai sauƙi ce, manomi ne zai kori tsuntsu. Amma Abdussamadu ya gyara zama, ya karkato kafaɗa don a ga taurari.

"Kai yaro, ba ka iya gaida na gaba ba? Ka san ko ni wa na? Kira man babbanku."

"Na se menene wannan!" Hannun kurtun ya riga ya sauka kan tasa bindigar.

Hodi ya ga abin zai lalace. Ya so ya nuna wa yaron ba wata tsiya ba ce, tsohon ƙarfe ne na kakanni. Sai ya waiwaya baya, ya nuna bindigar da hannu, ya ɗaga murya don ta fi ƙarar motar albasa.

"Harba-ka-ruga ta!"

Kurtun bai taɓa jin sunan nan ba. Amma ya san harba, ya san ruga, ya kuma ga na gaba ya juya yana gaya wa mai bindiga. Ya yi tsalle baya, ya ɗana tasa, ƙarar ƙarfe ta yi ƙaras, yana kururuwa a kwanta.

Nan Kwamanda ya nuna iyakar horonsa. Ya fizge bindigar daga kafaɗa ya yi jifa da ita tsakiyar titi kamar ta ƙone shi, ya dirgo daga babur, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Hula ta yi nata wuri, takalmi ya yi nasa. Bai tsaya ba sai cikin kwalbati, inda awaki ke fakewa.

Direban albasa, da aka riga aka sallama, ya ji an ɗana bindiga, shi ma ya taka mota don ya tsira da ransa. Hodi yana kwance rub da ciki a kan kwalta, kuncinsa a ƙasa, yana kallo tayar baya ta hau bindigar mahaifinsa. Ya ji ƙarar ƙotar tana darewa har cikin haƙoransa.

Sai ga saje ya fito daga bayan wata bishiya da buta a hannu, wani dattijo mai suna Maigandi, wanda daga jin bakinsa ɗan ƙasar ne. Ya saurari kurtun, ya dubi abin da ke kan titi, ya dubi Hodi, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Sunanta ke nan, yaro! Sunan bindigar na! Tashi, Malam, tashi." Ya ɗauko ta, bakin ya lanƙwashe kamar lauje, ya shinshina. "Ko albarushi babu. Jan-baki ko?"

"Jan-baki, Yallaɓai."

"Ni ma ina da gona. Da kun yi man magana ta mutane, da yanzu kuna gida." Ya miƙa masa gawar bindigar. Dariyar ta riga ta bar fuskarsa. "Ina shi jarumin?"

Jarumin ya fito daga kwalbati da kashin awaki a gwiwa, yana kakkaɓe kaki. Da ya ga babu mai nuna shi da bindiga, sai murya ta dawo.

"Dabarar yaƙi ta, Yaya. Ba don na jefa ta ba, da yanzu gawarmu aka ɗauka. Ka gode man."

Hodi ya dube shi tun daga taurarin har ƙafar da babu takalmi. Ƙyama ce ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya yi ko zagi. Ya tada babur ya bar shi nan tsaye, 'yan sanda suna tambayarsa wace runduna ce ta ba shi muƙami.

Ya biya ta wajen wani maƙeri a cikin Argungu. Maƙerin ya juya ta sama da ƙasa ya girgiza kai, ya ce wannan kam sai dai a yi fartanya. Sabuwa kuma ba abin yau ko gobe ba ce, kowa ta tasa gonar yake.

Tun daga ranar Hodi da Baiwa suka koma kwana da tashi a fadama. Ita tana wannan kusurwa da galan, shi yana waccan da gwangwani, suna gudu cikin taɓo suna ihu. In suka kore su nan, su sauka can. Zangarniyar da ya kamata ta sunkuya don nauyi ta tsaya cak, fara fat, babu komai ciki. Muryar Hodi ta dushe, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya, sai dai ya buɗe baki iska ta fito.

Yana tsaye cikin ruwa har ƙauri wata safiya waya ta yi ƙara a aljihunsa. Abdussamadu ne, murya garau, ana jin ƙarar cokali a kofin shayi.

"Yaya, ina kwana? An gyara bindigar? Muna da taro ranar Lahadi. Kuma in kun yi yanka, a ware man nawa buhu tun da wuri, bana shinkafa ta yi tsada birni."

Hodi ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Sai ya cire wayar daga kunnensa, ya miƙa hannu ya juya ta wajen gonar, inda dubban tsuntsaye ke ci suna surutu.

"Yaya? Ba ni jin ka. Mi ka wannan ƙara haka?"