Jarrabawar da Mushe Gado Ya Yi wa Ram Biyu

Shekara talatin da huɗu Mushe Gado ya yi yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Ya fara a Sukukutane, aka mayar da shi Kore Mairuwa, ya ƙare a Dogon Dutsi inda ya yi ritaya. Duk ƙarshen shekara sai ya kira mai hoto ya jera yaran ajinsa a gindin bango, gajeru a zaune, dogaye a tsaye. Da na aji, da na wasan ƙwallo, da na ranar rabon kyauta, hotunan sun wuce ɗari shida.

Bara 'yarsa Rumaisa'u, wadda ke aikin jinya a Dosso, ta kwashe su duka ta sa aka zuba su cikin wata kwamfutar tebur da ta saya masa, tsohuwa amma lafiyayya. Abin da Mushe yake so ɗaya ne: ya rubuta sunan kowane yaro a ƙarƙashin fuskarsa tun yana iya tunawa. Sai dai da zarar ya buɗe hoto biyar ko shida, kwamfutar ta ƙame. Yakan tashi ya yi alwala, ya ba tumaki dusa, ya dawo ya tarar da ɗan zoben nan yana ta juyawa a tsakiyar allo.

"Baba, ram ɗinta ne ya yi kaɗan," in ji Rumaisa'u a waya. "Shi ne wurin da take baza aikin da ke hannunta. Kai ta wajen Abdul'aziz ya ƙara mata. Na aiko maka jikka arba'in na sefa."

Ranar Laraba da hantsi ya naɗe kwamfutar cikin zane, ya hau kabu-kabu ya rungume ta a cinya har shagon Abdul'aziz da ke bakin kwalta, kusa da kasuwa. Abdul'aziz ɗalibinsa ne na shekarun ƙarshe, yanzu ya tara gemu, yana gyaran wayoyi da kwamfutoci. Yana hango shi ya taso da gudu ya karɓi kayan.

"Mushe, da kanka? Ai da kira na ka yi."

"Ƙafata ba ta yi ritaya ba. Buɗe ta ka gani."

Abdul'aziz ya kwance murfin, ya leƙa, ya hura ƙura, sannan ya ɗauko abu biyu daga cikin gilas ya ajiye a kan tebur. Na farko ɗan falle ne kore, tsirara, cikin leda. Na biyu kuwa a kwali yake, sanye da baƙar rigar ƙarfe mai sheƙi, da wani farin layi a samansa.

"Dukansu giga takwas ne, wato girmansu ɗaya. Wanga kore jikka sha biyar. Wanga mai riga talatin da biyar. Ya fi gudu, ba ya saurin zafi, kuma in an kunna shi fitila yake yi kala-kala."

Mushe bai ko kalli koren ba. Shi mutum ne da kekensa na farko ya yi masa shekara ashirin da biyu, domin ya ƙi sayen mai arha. Ya ɗora yatsa kan kwalin.

"Sa mini wanga."

"Mushe, da za ka ji tawa, koren za ka ɗauka."

Tsohon ya zare tabarau ya dubi yaron nasa sosai. Ransa ya ɗan sosu.

"Abdul'aziz, tausayina kake ji? Ka ga ɗan fansho ya zo, ka ce bari a ba shi na talakawa? Da kuɗina na taho."

"Wallahi ba haka ba ne. Mai rigar don sababbin injuna aka yi shi, na samarin da ke wasanni da haɗa bidiyo. Taka tana da iyakar gudun da ba ta wucewa. Kamar a ba ka babur na tsere ne a ce ka bi yashin Sukukutane da shi. Kai da mai tsohon babur tare za ku isa."

"Wace irin kasuwa ce wagga, mai kaya na hana a sayi mai tsada?"

"In na sayar maka da shi, na ci jikka ashirin ɗinka a kan fitilar da ke cikin akwati rufe. Ba ni iyawa."

Mushe ya shafa haɓa. Can sai ya zaro jan bik, bironsa na gyaran jarrabawa, daga aljihun gaba, ya yagi bayan wani kwali, ya ja layi biyu.

"To, ba ni yarda da magana. Jarrabawa za a yi musu. Tambaya ɗaya, lokaci ɗaya, ni ke tsaron aji. Kowane zai buɗe hoto hamsin, agogona na ƙirga."

Abdul'aziz ya tuntsire da dariya, ya jawo masa kujera. Ya juya babban allon shagon ya fuskanci ƙofa don Mushe ya gani da kyau, ya cusa koren a raminsa har ya ce ƙas, ya kunna.

"Un, deux, trois," in ji Mushe da muryarsa ta aji, idonsa kan agogo.

Hotuna suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya, ba ƙamewa, ba zobe. Yara masu aski ƙwal, 'yan mata da kitso, alluna a hannu, wani yana hamma. Mushe ya manta da agogon na ɗan lokaci, bakinsa a buɗe. Da na hamsin ya fito ya yi sauri ya duba.

"Daƙiƙa arba'in da ɗaya."

Kafin nan mutane sun fara tsayawa a ƙofa. Mai kabu-kabun da ya kawo shi bai tafi ba. Tela na maƙwabta ya leƙo da awo a wuya. Wata mata mai suna Sa'adatu, wadda ke kawo tafasasshen zogale daga ƙauye tana sayarwa a bakin tasha, ta sauke robarta ta tsaya kallo.

Aka kashe, aka zare koren, aka sa mai riga. Da aka kunna sai cikin kwamfutar ya haske, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma ruwan ɗorawa. Jama'a suka ce kai! Tela ya ce shi ko bai san aikinsa ba, wannan ne ya ci. Mushe ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya sake ƙirgawa.

"Daƙiƙa arba'in cif."

Ya duba kwalinsa, ya duba fitilar, ya ce a sake, domin ɗalibi na iya dace sau ɗaya. Aka sake. A zagaye na biyu mai riga ya yi arba'in da ɗaya, koren ya yi arba'in. Shagon ya kaure da dariya. Mushe ya rubuta wa kowannensu sha takwas bisa ashirin, ya ja layi biyu a ƙasa, ya miƙa wa Abdul'aziz.

"Sun yi kunnen doki. Ɗaya dai ya zo jarrabawa da babbar riga. Bar mini koren a ciki." Sannan ya ƙara da cewa, "Na yi maka mummunan zato ɗazu. Ka yi haƙuri."

"Haba Mushe, ai ba komi."

Abdul'aziz na shirin rufe hotunan sai Sa'adatu ta yi wata ƙara daga ƙofa.

"Tsaya! Don Allah koma baya. Wancan, mai iccen bedi."

Ya koma. Hoton baƙi da fari ne, an rubuta a allon da yaran gaba suka riƙe: Sukukutane, 1988. Sa'adatu ta kutsa cikin shagon, ta kai yatsa har yana taɓa gilashin, kan wata 'yar siririya a layi na biyu da ta rufe baki da hannu.

"Ni ce wagga. Wallahi ni ce! Haƙorina biyu sun zube ran nan, shi ya sa na rufe baki."

Mushe ya mayar da tabarau, ya dubi hoton, ya dubi matar.

"Sa'adatu ta gidan maƙera? Wadda ke zuwa lakwal da ƙanwarta a goye?"

"Mushe!" Ta durƙusa ta gaishe shi, tana dariya hawaye na zuba. "Ban gane ka ba, da can gashinka baƙi ƙirin. Ni ban taɓa ganin fuskata ina yarinya ba. Shekara uku kawai na yi aka fidda ni. Ashe ina da hoto a duniya!"

Ta juya ga mutanen ƙofa tana nuna musu, kamar wani zai musa. Tela ya ce hancin dai bai sake ba. Mai kabu-kabu ya tambaya ko akwai na Kore Mairuwa, wansa ya yi lakwal a can. Aka nemo, ya ga wan nasa da gajeren wando da kumburarren ciki, ya yi dariya har ya dafa bango, ya ɗauka da wayarsa ya tura masa nan take.

Mushe ya biya jikka sha biyar. Sauran ya ajiye a gaban Abdul'aziz ya ce a fara da Sa'adatu, a buga mata nata babba a takarda mai kyau, duk wanda ya ga kansa ko ɗan'uwansa a buga masa har kuɗin su ƙare. Ya kira Rumaisa'u ya gaya mata abin da ya yi da canjinta. Ta ce ai ta san canjin ba zai dawo ba, a gaishe mata da Sa'adatu.

Injin bugawa na aiki, Sa'adatu ta zauna a benci kusa da Mushe, ta shiga jero sunayen 'yan ajinsu daga hagu zuwa dama, shi kuma yana rubutawa. Wasu da shi ya manta ita ta tuna, har da inda suka yi aure da yawan 'ya'yansu. A kan wani yaro mai manyan kunnuwa a layin baya suka saɓa. Mushe ya ce Mubarak ne ɗan mai unguwa. Sa'adatu ta ce Salman ne, wanda yanzu ke sayar da taya a Kwatano, kuma tana da lambar matarsa.

Aka tura hoton, aka kira, aka buɗe murya kowa na ji. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin wata muryar namiji mai kauri ta ɗauka, da hayaniyar motoci a bayanta.

"Wa ya ba ku hoton ga? Ni ne mana! Kunnuwan nan har yau suna nan."

Sa'adatu ta buga cinya ta yi guɗa a tsakiyar shagon. Mushe ya soke Mubarak ya rubuta Salman, sannan ya karɓi wayar.

"Salman, Mushe Gado ne."

Sai muryar ta dawo ƙasa-ƙasa, cikin ladabi.

"Bonjour, Mushe. Ina kwana? Wallahi har na miƙe tsaye."