Kalulu Ya Ƙi Ci

Kalulu ya sa hanci ya ture marfin farko na wani akwatin katako, ya sa ƙafa ya ja na biyu, ya kama igiyar da haƙori ya fizgo aljihun ƙasa. Guntayen busasshen nama uku suka bayyana a kan katakon. Bai taɓa ko ɗaya ba. Ya koma ya zauna, ya ɗaga kai yana kallon iska a hagun Namakau, daidai inda fuskar dogon mutum za ta kasance.

Misis Daka, mai shagon kayan dabbobi, ta dubi agogon wayarta. "Daƙiƙa goma sha ɗaya. Karen wani Bature sati biyu ya yi a kan akwatin nan, a ƙarshe ma tauna shi ya yi." Ta bi idon karen da kallo, ba ta ga komai ba sai kantar sarƙoƙi. "Wa yake kallo, 'yata?"

"Ba kowa," in ji Namakau. "Kawo wani, Anti."

Na uku ke nan. Ƙwallon roba mai rami ya mirgina shi sau biyu abincin ya zube. Tabarmar tsummoki ya kama bakinta ya girgiza, duk abin da aka ɓoye ya watse a ƙasa. Kowanne ya buɗe sai ya zauna ya kalli wuri guda.

Yau kwana tara da binne mahaifinta, kwana goma sha ɗaya rabon karen da abinci, sai ruwa. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Mahaifin nata, Sitali, ya yi shekara ashirin da biyu yana gadi da karnuka a ma'ajiyun kaya na Lusaka, da ya bar aiki ya taho da wannan gida. Ko a watanni bakwai na jinyarsa, lokacin da Namakau ke tasowa daga ɗakin gwajin jini na asibiti ta zo ta juya shi ta wanke shi, bai taɓa bari ta ba karen abinci ba. Sai ta miƙa masa kwano ta fita, ya rufe ƙofa. Ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. Tun tana makarantar kwana ake ce mata 'yar mai karnuka, ta kuwa yi wa kanta alkawarin ba ruwanta da su.

Jiya dangi da suka zo daga Mongu suka raba kayan mamaci. Riguna, rediyo, keke, har reza. Da aka zo kan kare, ƙanen mahaifinta, Baffa Mubita, ya ce wannan ba abin gado ba ne. Kare yana ganin maigidansa, shi ya sa ya ƙi ci, kuma muddin yana numfashi maigidan ba zai tafi ba. Ya ba ta zuwa ƙarfe huɗu na yau. In karen bai ci a gabansa ba, akwai mutumin da zai zo da igiya.

Likitan dabbobi ya ce mata jikin karen lafiya lau. Kare ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya saba aiki kafin ya ci, ta nemo masa abin da zai wahalar da kansa. Shi ya sa ta tako da shi a ƙafa tun daga unguwarsu, Chilenje, don babu ƙaramar bas ɗin da za ta ɗauke su.

"Wannan shi ne mafi wuya da nake da shi," in ji Misis Daka. "In kin wuce nan sai ki sa shi jami'a." Ta yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Ta koma bayan kanta ta tsaya. "Ki yi haƙuri, amma ki ɗan juya shi. Ba na son yadda yake yi."

"Ba ya cizo."

"Ba cizon nake tsoro ba."

Tsohon mai gadin shagon ya daɗe yana leƙe daga bakin ƙofa. An ɗinka sunansa a ƙirjin rigarsa, Chilufya. Ya shigo a hankali, hannuwansa a baya, ya tsaya nesa da karen.

"Karen aiki ne," ya ce. "Na wa?"

"Na mahaifina. Ya rasu."

"Allah ya ba ki haƙuri." Ya daɗe yana duban Kalulu. "Ba wasa yake nema ba, 'yata. Izini yake jira. Ɓarayi suna jefo nama mai guba ta katanga, to mukan koya musu kada su ci sai an ba su alama. Ko za su mutu."

"Wace alama ce, Baba?"

"Kowa da tasa. Wani kalma, wani fito, wani ya buga ƙafa. Ba ka gaya wa ko matarka. In ka gaya wa mutum ɗaya, ka gaya wa ɓarawo." Ya sosa gemu. "Ke ba ki taɓa gani ba? A gida ɗaya?"

Namakau ta ɗaga haɓa. "Karatu nake yi."

"To," in ji tsohon, bai ƙara ba.

Shirun nasa ne ya tono mata abin. Tana shekara goma sha biyar, ƙawayenta biyu sun raka ta gida ranar hutu. Suka tarar da mahaifinta a tsugune a bayan ɗaki da wani kare na wancan lokacin. Ya gutsuri nshima, wato tuwon masara, ya mulmula, ya tofa masa yawu, ya ɓoye a ƙarƙashin gwangwani. Ƙawayen suka toshe baki. A ranar ta faɗa masa maganar da har yau ba ta iya maimaitawa. Daga ranar ya fara rufe ƙofa.

Ta gaya wa tsohon, ba ta kalle shi ba.

"Na san masu yin haka," ya ce. "Amma yawunsa ne alamar, ba kowane yawu ba. Naki daban." Ya ga fuskarta, sai ya nuna kayan da ke ƙasa. "In dai za ki gwada, bar robar nan. Roba warin kanta take yi. Tabarmar kuma sabulun masana'anta ne a jikinta. Ɗauki katakon. Katako yana shan warin hannu. Ki rungume shi har gida, kada ki sa a leda."

Haka ta yi. Rana a tsaka, akwatin a ƙirjinta, gumi yana jiƙa shi. Kalulu yana tafiya a hankali, sau biyu ƙafafunsa na baya suka harɗe. Ba a gefenta yake tafiya ba. Ya bar fili tsakaninsu, faɗin mutum guda, kuma duk mararrabar da suka iso sai ya tsaya ya ɗaga kai ga filin nan kafin ya tsallaka. Ta ja igiyar don ya matso. Ya matso, bayan taku goma ya sake buɗe filin.

Huɗu saura kwata suka iso. Wani mutum yana zaune a kan dutse a bakin get, igiya a naɗe a cinyarsa, yana cin gyaɗa. Ya gaishe ta da ladabi. Ta wuce shi ta shiga gida.

Baffa Mubita yana falo, sanye da kwat ɗin mahaifinta, hannun ya yi masa tsawo.

"Likita ta dawo," ya ce. "Me kika sayo masa? Talabijin?"

"Sannu da gida, Baffa."

"Mu ƙauyawa ne, ba mu san kare yana zuwa kanti ba. Namakau, ba ƙinki nake yi ba. Uwa ɗaya ta haife mu da mutumin nan. Tun da na zo gidan nan ban runtsa ba. Kin san me dabbar nan take yi da asuba? Takan je ƙofar ɗakinsa ta yi ta kaɗa wutsiya. Wa take yi wa?"

"Ƙamshinsa ne bai gama fita daga ɗakin ba."

"Ƙamshi." Ya gyaɗa kai. "A wane aji aka koya muku wannan?"

Ta wuce kicin. Akwai sauran nshimar rana a tukunya, ta yi sanyi, da ɗan soyayyen kapenta, ƙananan kifi. Ta kawo falo ta tsuguna a kan siminti da siket ɗinta na aiki. Ta gutsura ta mulmula, ta cusa ƙananan kifin a ciki. Bakinta ya bushe ƙaf. Sai da ta ciji gefen harshenta kafin yawu ya taru. Ta tofa a kan lomar, a gaban baffanta.

"Subhana," in ji shi a hankali. "Wannan ce mai digirin?"

"Ita ce."

Ta sa lomar a aljihun ƙasa, ta rufe marafan, ta tura akwatin tsakiyar ɗaki. Kalulu ya tashi da ƙyar. Hanci, ƙafa, igiya. Wannan karon ya fi daɗewa, haƙoransa suna zamewa daga igiyar. Aljihun ya fito. Ya sunkuya ya shinshini lomar, ya daɗe yana shinshina, har ta ji ƙarar numfashinsa. Sannan ya ja baya ya zauna.

Agogon bango ya nuna huɗu da minti biyu. A waje mutumin ya kaɗe ɓawon gyaɗa daga wandonsa, ta ji ƙarar get.

"Ya isa, 'yata," in ji Baffa Mubita, muryarsa ta yi laushi. "Kin yi abin da za ki iya. Wata bakwai kika riƙe shi ke kaɗai, babu ɗayanmu da ya zo. Yanzu ki sake su su tafi."

"Ba inda za shi."

Ba ta tashi ba. Gwiwoyinta suna zafi a kan simintin. Ta kafe karen da ido, tana so ya dube ta ko sau ɗaya. Bai dube ta ba. Idonsa yana bisa kafaɗarta, ga ƙofar ɗakin mahaifinta da ke buɗe a bayanta. Babu komai a ɗakin yanzu, har katifa an ba wa wani.

Kunnuwansa suka miƙe tsaye. Ya karkata kai, kamar yadda kare ke yi in ana masa magana ƙasa-ƙasa. Wutsiyarsa ta bugi siminti sau ɗaya. Sai ya sunkuya ya ɗauki lomar, ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya lashe katakon.

Babu wanda ya yi motsi. Gashin wuyan Namakau ya tashi, ba ta waiwaya ba.

Baffa Mubita ya share fuska da dogon hannun kwat. Daga inda yake zaune ba ya ganin idon karen, bayansa kawai yake gani.

"Ya ci," ya ce.

"Ya ci."

"Ke kika ba shi?"

"A gabanka ne, Baffa."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙe ya fita, ta ji yana sallamar mai igiya, yana ba shi haƙurin tafiyar banza.

Namakau ta sake gutsurar nshima. Ta mulmula, ta tofa, ta rufe aljihun. Kafin ta tura akwatin, ta ja gwiwoyinta gefe kaɗan, yadda ba za ta tare masa ƙofar ba.