Jijiyar Hantar Samira

Wata biyar da dawowarsu Ikara daga Indiya, inda aka yanki hantar Hafiza aka dasa wa 'yarta Samira, yarinyar ta murmure har tana bin kaji a tsakar gida. Shekararta huɗu.

Ranar wata Talata da safe Hafiza na yi mata wanka sai ta ga cikinta ya yi tsiri, fatar na ƙyalli. Ta duba fo, kashin baƙi ƙirin kamar kwalta. Take ta tuna gargaɗin likitan can: inda aka ɗinke jijiyar jini da sabuwar hanta yakan tsuke, jini ya kasa wucewa.

Ta kira mijinta Saminu, yana gonar barkono a Janfalan.

"Baban Samira, bar komai ka taho. Cikinta ne."

Da taɓo a ƙafarsa ya iso gida, su uku suka shiga motar Zariya. A hanya Samira ta yi amai a zanin uwarta, da jini a ciki. Wata tsohuwa a kujerar baya ta fara salati, direba ya daina tsayawa ɗaukar fasinja.

A asibiti wata likita, Dakta Lubna, ta shafa wa cikin mai, ta ɗora na'urar hoto. Ta ce idan jini na gudu a jijiyar, na'urar za ta yi ƙara. Ta danna nan, shiru. Ta matsa gefe, shiru. Hafiza ta dafe tabon aikin da ke cikinta.

"Likita, tawa hantar ce ba ta da kyau?"

"A'a, Maman Samira. Ɗan yi shiru."

Saminu ya juya fuskarsa ga bango. Samira ta ce tana jin sanyi. Can sai wata 'yar ƙara ta fito, siririya, tana yankewa tana dawowa.

"Ba ta toshe duka ba," in ji likitar. "Amma hanyar ta matse sosai. Jinin da ya rasa wajen wucewa ne ya fashe ta ciki. Za mu ƙara mata jini yanzu, gobe ku wuce Abuja a buɗe jijiyar da siririn bututu."

"Idan ta toshe kafin goben fa?" Saminu ya tambaya.

Dakta Lubna ta shiga goge man daga kan cikin yarinyar. "Zan riƙa dubawa duk bayan awa biyu."

Ba ta toshe ba. An buɗe jijiyar ranar Alhamis, cikin ya sace a hankali. Amma an gaya musu tana iya sake tsukewa, ko bana ko bayan shekara goma. Da suka koma Ikara, Hafiza ta nemi tef a wurin tela maƙwabcinsu. Kullum bayan sallar asuba sai ta auna cikin Samira kafin ta hura wuta.